Gyaran Tsohuwar Kwamfutar Wasa: A Nemo Inda Ciwon Yake Tukuna

 A wannan mako za mu tattauna ne a kan wata matsala da ta dami matasa da yawa a ƙasar nan, tun daga ɗalibin da ya yi ta tara 'yan kuɗinsa har ya haɗa kwamfutar tebur a ɗakinsa, zuwa ga mai shagon wasanni wanda da ita yake ciyar da iyalinsa. Matsalar kuwa ita ce, kwamfutar da aka haɗa wajen shekarar 2017, wadda a lokacin babu wasan da ya gagare ta, yau ta soma gazawa. Wasa ya daɗe bai buɗe ba, in ya buɗe hoto ya riƙa tsinkewa, fanka kuwa tana ƙugi kamar injin niƙa. Mai ita yana son sabuwa, amma aljihu ya ce sam.

Aljihun kuwa yana da gaskiyarsa. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya saki naira a watan Yuni na 2023, dalar Amurka da ake saya wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a cikin 2024, alhali kuwa kayan kwamfuta duka daga ƙasashen waje ake shigo da su. Daɗin daɗawa, a ƙarshen 2025 farashin ƙwaƙwalwar wucin gadi da ake kira RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya baki ɗaya, domin manyan kamfanonin da ke gina rumbunan na'urorin ƙirƙirarriyar basira sun wawushe abin da masana'antu ke ƙerawa. A irin wannan hali, duk naira ɗaya da mutum ya kashe a kan abin da kwamfutarsa ba ta bukata, hasara ce mai wuyar mayarwa.

Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, kwamfuta ba ta tsufa gaba ɗaya a rana ɗaya. Ayarin fatake ba ya wuce saurin jakin da ya fi gajiya, kuma madugu mai hankali ba ya sayar da jakuna goma saboda guda ɗaya ya yi ɗingishi. Haka kwamfuta take. Galibi abu guda ne a cikinta yake riƙe sauran, saboda haka aikin farko shi ne a gano wannan abu, sa'an nan a zuba ɗan kuɗin da ake da shi a kansa.

Kafin mu yi nisa, bari mu san jakunan ayarin. Akwai furosesa, watau ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin wasan, ita ce ke sanin inda kowane ɗan wasa yake da abin da zai faru in an buga ƙwallo. Akwai katin hoto, wanda ke zana abin da ido ke gani a kan allo, sau 30 ko 60 ko fiye a cikin daƙiƙa guda. Akwai RAM, wanda yake kamar tabarmar da ake baza kayan aiki a kai muddin ana aikin. Akwai ma'ajiya, inda wasanni ke kwance in an kashe na'ura. Akwai akwatin wuta, mai karɓar lantarki daga bango ya raba wa kowa gwargwadon bukatarsa. Dukkansu kuwa suna zaune ne a kan wani babban faifai da masu gyara ke kira madabod, kuma shi ne ke yanke hukuncin abin da zai shiga da wanda ba zai shiga ba.

Awo kafin magani

Gano mai ɗingishi ba ya cin ko kwabo. A kunna wasan da ke ba da wahala, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ya nuna nauyin da ke kan kowane sashe bisa ɗari. Wanda ke son ganin alƙaluman a kan wasan kansa, har da zafin jikin na'ura, sai ya sa manhajar MSI Afterburner, kyauta ce. In aka ga katin hoto yana kan kashi 95 zuwa 100 cikin ɗari, furosesa kuwa tana hutawa, to kati ne ya kai iyakarsa. In kati yana wajen kashi 60, furosesa ta cika maƙil, to ita ce ta kasa ciyar da shi, kuma sayen sabon kati a nan zuba ruwa ne a kwando. In RAM ya cika, za a ga wasa yana tafiya daidai sa'an nan ya daskare na ɗan lokaci. In kuwa jinkirin duk wajen buɗe wasa ne da shiga sabon fage, ma'ajiya ce.

Akwai wani gwaji mai sauƙi ga wanda alƙaluma ke rikita shi. Ya shiga saitin wasan ya rage kyan hoto zuwa mafi ƙasa. In wasan ya saki jiki ya yi gudu, laifin katin hoto ne. In kuwa hoton ya munana amma tsinkewar tana nan yadda take, sai a dubi furosesa ko RAM.

Maganin da ba ya cin kuɗi

Kafin a taɓa aljihu, a buɗe akwatin a duba. Ƙurar hunturu ba ta barin kome a ƙasar nan, kuma kwamfutar da ta shekara biyar ba a buɗe ta ba, za a tarar ƙura ta toshe haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafi kamar an lulluɓe su da bargo. Su kuwa waɗannan na'urori an ƙera su ne su rage gudu da kansu in zafi ya yi yawa, don kada su ƙone. Furosesa takan ja da baya in ta doshi digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyas, katin GTX 1060 kuwa tun daga wajen digiri 83. A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da ɗakin kansa ya zama tanda, mutum na iya zaton kwamfutarsa ta tsufa alhali zafi ne kawai ya dame ta. A cire wuta, a hure ƙurar da abin hura iska, a riƙe fanka da yatsa kada ta yi ta juyawa, kana a goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta a shafa sabo, kamar ƙwayar gero biyu ko uku. Kuɗin wannan mai bai taka kara ya karya ba.

Har ila yau, akwai dabarar da kamfanin AMD ya fitar a 2021 mai suna FSR, wadda ke sa kati ya zana hoto ƙarami sa'an nan a faɗaɗa shi ya cika allo. Tana aiki har a kan tsofaffin katunan Nvidia irin su GTX 1060, saɓanin DLSS ta Nvidia wadda sai katunan RTX. In wasa yana da ita a cikin saitinsa, a kunna, a kuma rage inuwa, domin inuwa na cikin abubuwan da suka fi cin ƙarfin kati.

Ma'ajiya da RAM

In an gama wannan, abu na farko da ya cancanci kuɗi ga mafi yawan tsofaffin kwamfutoci shi ne ma'ajiya. Tsohuwar ma'ajiya faifai ne mai juyawa sau 7,200 a minti, da allura mai bin sa tana neman bayani, kuma gudunsa bai cika wuce megabayit 100 zuwa 200 a daƙiƙa ba. Sabuwar kuwa, wadda ake kira SSD, ba ta da wani abu mai motsi. Irin wadda ake haɗawa da igiyar SATA tana kai wajen megabayit 550, irin ta NVMe kuwa, wadda ake kwantarwa a kan madabod, tana kai 3,500 ko fiye. Amma ba wannan ne babban bambancin ba. Allurar tsohon faifai tana ɓata wajen kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa kafin ta isa kowane bayani, wasa kuwa dubban ƙananan bayanai yake nema, SSD kuma kusan nan take take miƙo su. Shi ya sa wasanni irin su Starfield na 2023 suka sa SSD cikin sharuɗɗansu. Amma fa a lura, SSD tana gaggauta buɗewa ne da rage daskarewa, ba ta ƙara yawan hotunan da kati ke zanawa. Tsohon faifan kuma kada a yar, a bar shi ya riƙe finafinai da hotuna.

Game da RAM, gigabayit 8 sun wadatar a 2017, amma wasannin 'yan shekarun nan da yawa 16 suke nema. Abu biyu ne za a kiyaye. Na ɗaya, RAM iri-iri ne, akwai DDR3 da DDR4 da DDR5, kuma tsagar da ke ƙasan kowanne ta sha bamban, saboda haka ba ya shiga gurbin ɗan'uwansa, wanda ya matsa da ƙarfi kuwa zai karya. Na biyu, sanda biyu masu gigabayit 8 sun fi sanda ɗaya mai 16 amfani, domin madabod yana ɗiba daga biyun a lokaci guda, kamar rijiya mai guga biyu. Wanda ke da sanda ɗaya mai 8, ya nemi irinta ya ƙara. Wanda ya riga ya mallaki 16 kuwa, tun da farashi ya hau, ya bar kaza cikin gashinta.

Labarin kwamfutoci biyu

Bari mu ɗauki misali na zahiri. A 2017 wanda ke haɗa kwamfutar wasa mai matsakaicin kuɗi yana da zaɓi biyu: furosesar Ryzen 5 1600 ta kamfanin AMD mai sassan aiki 6, ko Core i5-7400 ta kamfanin Intel mai sassa 4. A lokacin bambancinsu a wasa bai kai ya kawo ba. Yau kuwa makomarsu ta rabu, kuma dalilin yana ga mazaunin da furosesa ke zama a kan madabod.

AMD ya fitar da mazauni mai suna AM4 a 2016, ya kuma ci gaba da ƙera sababbin furosesoshi masu zama a kansa shekara da shekaru. A 2022 ya buɗe wa tsofaffin madabod irin su B350 hanyar ɗaukar jerin Ryzen 5000. Ma'ana, mai Ryzen 5 1600 yana iya cire ta ya sa Ryzen 5 5600 ta 2022 a gurbinta, ba tare da ya sake madabod ko RAM ba, kuma tun da dukkansu wat 65 suke ci, ƙarfen sanyaya na da ma zai wadatar. Mai ƙarin hali yana iya neman Ryzen 7 5800X3D ta 2022 ko 5700X3D ta 2024, waɗanda aka ƙara wa ma'ajiyar kusa har megabayit 96 musamman don wasanni. Shi kuwa mai Core i5-7400, iyakar tafiyarsa Core i7-7700K, wadda ita ma sassa 4 gare ta, domin furosesoshin Intel na ƙarni na 8 ba sa aiki a kan madabod ɗinsa ko da yake yawan ƙafafunsu ɗaya ne.

Ga gargaɗi ga mai AM4. Tilas ne a sabunta ƙaramar manhajar da ke cikin madabod, wadda ake kira BIOS, tun tsohuwar furosesa tana ciki, bayan an duba shafin kamfanin da ya ƙera madabod ɗin an tabbata sunan sabuwar yana cikin jerin waɗanda yake ɗauka. Wannan aiki na 'yan mintoci ne, amma in aka ɗauke wuta ana tsakiyarsa, madabod na iya mutuwa murus. Mu da muka san halin lantarkin ƙasar nan, kada wanda ya soma shi sai da UPS mai cikakken caji ko inbata.

Wannan magana ta furosesa ta ƙara nauyi saboda Windows. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, ya bar wani shiri na ƙarin kariya ga mutanen gida mai wa'adi zuwa Oktoban 2026. Windows 11 kuwa, a hukumance, tana neman furosesar Intel daga ƙarni na 8 ko Ryzen daga jerin 2000, tare da abin tsaro mai suna TPM 2.0. Ryzen 5 1600 da Core i5-7400 duka ba su cika sharaɗin ba. Mai AM4 da ya sa Ryzen 5 5600 ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ya sami gudu ya kuma sami hanyar shiga Windows 11.

Katin hoto da abincinsa

Katin hoto shi ne mai cin kaso mafi tsoka, shi ne kuma inda aka fi yin kuka. GTX 1060 da Nvidia ya fitar a watan Yuli na 2016 ya yi wa jama'a aiki ƙwarai, amma zamani ya soma wuce shi. Wasanni irin su Indiana Jones and the Great Circle na Disamban 2024 da Doom: The Dark Ages na Mayun 2025 ba sa tashi ko kaɗan sai a kan katin da aka ƙera da fasahar bin sawun haske, wadda ta soma daga jerin RTX 20 na Nvidia da RX 6000 na AMD. Saboda haka wanda zai sayi kati yau, ko da na hannu ne, kada ya sayi wanda ya girmi waɗannan, kuma ya nemi mai RAM na kansa gigabayit 8 ko fiye. RX 6600 mai gigabayit 8 da RTX 3060 mai gigabayit 12, dukkansu na 2021, misalai ne na katunan da suka dace da irin kwamfutar da muke magana a kai. Amma wanda wasansa bai wuce ƙwallon ƙafa da GTA V ba, katinsa na da yana nan da sauran ƙarfi.

Kafin a biya kuɗin kati, a karanta takardar da ke jikin akwatin wuta. Gurbin da kati ke shiga a madabod wat 75 kaɗai yake bayarwa, igiya mai baki 6 tana ƙara 75, mai baki 8 tana ƙara 150. GTX 1060 wat 120 yake ci, RX 6600 yana cin 132, RTX 3060 yana cin 170, tsohon RX 580 na 2017 kuwa har 185, ga shi bai kama ƙafar RX 6600 a gudu ba. Ga mai aiki da janareta ko batir, da mai layin Band A wanda aka kai kuɗin wutarsa naira 225 kowane kilowat a awa a watan Afrilu na 2024, wannan bambanci abin dubawa ne. Akwatin wuta mara suna, mara nauyi a hannu, wanda aka rubuta wa wat 500 alhali ba ya iya ba da rabinsu, shi ne ke mutuwa ya tafi da kati da madabod. A nemi na sanannen kamfani mai tambarin 80 Plus, kuma a saye shi sabo. Araha ba ta ado, a nan kuwa har gobara tana iya jawowa.

Shiga kasuwar kayan hannu

Mafi yawanmu a kasuwar kayan hannu za mu ƙare, ko a Computer Village da ke Ikeja ko a titin Beirut da ke Kano ko makamantansu. Babu aibu a cikin haka, da tsohuwar zuma ake magani. Furosesa da RAM ba su cika lalacewa ba, sai dai a duba ƙafafun furosesar AM4 kada a sami wadda ta lanƙwashe. Katin hoto ne ke bukatar ido. A watan Satumba na 2022 tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da katunan hoto wajen haƙar kuɗi, sai masu haƙar suka juye dubban katunan da suka shekara suna aiki dare da rana a kasuwannin duniya. Akwai kuma 'yan damfara masu ɗaukar tsohon kati su sauya masa suna a ciki, kwamfuta ta riƙa nuna shi a matsayin sabo. Maganin wannan shi ne gani ya kori ji: a sa katin a kwamfuta a gaban mai saye, a duba shi da manhajar GPU-Z, a kunna wasa mai nauyi na minti 20 ko 30, a lura da zafi da ƙarar fanka da ko ɗigo-ɗigo na fitowa a allo. Mai kayan da ya ƙi gwaji, a bar masa kayansa. Wanda ya yarda kuwa, a nemi rasit da 'yan kwanakin mayarwa a rubuce.

Masu tsofaffin kwamfutocin ofis irin su Dell OptiPlex su ƙara hattara, domin da yawansu akwatin ƙarami ne, akwatin wutarsu kuma na musamman ne, ba shi da igiyar kati. Abin da ya dace da su shi ne gajeren kati mai shan wuta daga gurbi kaɗai, kamar RTX 3050 mai gigabayit 6 na 2024, wanda wat 70 yake ci. Masu kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa, galibi ma'ajiya da RAM kaɗai ke sauyuwa a cikinta, wani lokaci ma RAM ɗin a liƙe yake.

Sanin inda za a tsaya

Daga ƙarshe, wajibi ne mutum ya san ranar da gyara ya ƙare. In awo ya nuna furosesa ce ta gaza, madabod kuma ba ya ɗaukar wadda ta fi ta, RAM ɗin ma DDR3 ne, to sauya ɗaya yana jawo sauya uku, wannan kuwa sabuwar kwamfuta ce aka saya da sunan gyara. Mai irin wannan na'ura kada ya zuba kuɗi a kan abin da zai mutu tare da ita. Ya sayi abin da zai bi shi sabon gida, watau SSD da akwatin wuta mai kyau da katin hoto, sauran kuɗin ya adana har su isa madabod da furosesa da RAM a tashi ɗaya. Kuma kada a ci bashi ko a taɓa kuɗin makaranta saboda wasa. Mai shago ma ya lissafa watannin da sabon kati zai yi kafin ya mayar da kuɗinsa.

To jama'a, tsarin ke nan: a auna, a share ƙura, a sa SSD, a cika RAM, a duba abin da madabod zai ɗauka, a tabbatar da akwatin wuta, sa'an nan a je ga kati. Bayan kowane mataki a sake kunna wasan a auna, domin sau da yawa tun a mataki na biyu ko na uku za a ga bukata ta biya, sauran kuɗin su zauna a aljihu.